An Riga An Fasa

Zuwa ga ƙanina Sarkin Gam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan yadda ka bar ta: ɓarin dama bai dawo ba, sai an ɗaga an kwantar, amma bakin nan garau yake, kullum sai na sha faɗa. Ta ce in tambaye ka ko ka manta ita ta yi maka wankin makaranta shekarun da ka zauna a hannunta, tunda ka je ka ɓuya inda ko waya ba ta kamawa. Na ce mata kakarka da tawa ne kawai suka haɗa uba, ba dole ka tuna da mu ba. Da hannun hagu ta jefe ni da mafici, kuma ta same ni.

To, kayanka sun iso. Dogo direba ya sauke bim ɗin, dogon katakon nan, a ƙofar gida, unguwa ta taru kallo. Ni dai da na gan shi gabana faɗuwa ya yi. Da ka ce za ka aiko katakon da zai ɗauki bene, na zaci gungume ne guda. Sai ga falankai an jera an manne da gam, layi-layi kamar ninkin yadi a kanta. Yanzu kai a kan gam zan ɗora shagon ɗinkina, uwata na kwance a ƙasa? Takalmina ma da aka manne da gam bai daɗe ba ya buɗe baki.

Kafinta ya ce bai taɓa aiki da irinsa ba, amma ya bi yadda ka ce. Gefen da ka rubuta SAMA da jan fenti shi ya kalli sama, kowane kai ya hau bango, an ɗaure da ƙarafan da ka haɗo, an shimfiɗa daɓen katako a kai. Ɗakin Inna ya yi fili, babu ginshiƙi a tsakiya, keken da ake tura ta a kai yana juyawa yadda ake so. Wannan kam ka kyauta.

Saura magana ɗaya. Mai famfo ya zo haɗa banɗakin sama. Ya ce babban bututun dole ya ƙetare ɗakin Inna ta ƙarƙashin daɓen, kuma bim ɗinka ya tare masa hanya. Wai zai fasa katakon daga ƙasa, wajen tsakiya, ya cusa bututun a ciki, in an buga silin ba wanda zai gani. Na ce ya dakata in tambaye ka. Ya ɓata rai, wai wani aikin na jiransa. Ka amsa da wuri, don mutumin ba shi da haƙuri, ni kuma ba kullum nake gida ba, ina tsohon shago da mata masu ɗinki.

Taka,
Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da kyau. Ki ce mata ban manta wankin ba, ban kuma manta rankwashin ba. Ina nan lafiya, sai dai ruwa ya fara sauka sosai, hanyarmu ta zama taɓo. Takardarki ta daɗe a aljihun Dogo kafin ya iso.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada a taɓa katakon nan. Kada a fasa shi, kada a huda, kada a sa masa zarto ko kaɗan, balle daga ƙasa, balle a tsakiya. In mai famfo ya ƙi ji, ki sallame shi. Gara bututu ya rataya kowa na gani, a lulluɓe shi da akwatin katako a yi fenti.

Ga dalili. In aka ɗora wa bim nauyi, samansa matsewa yake, ƙasansa kuma ja ake yi kamar igiya. Shi ya sa a nan masana'anta muke ware falankan da suka fi kyau, marasa ƙulli, mu sa su a ƙasa. Su ne ke riƙe da komai. Ke tela ce, kin san yadda yadi yake: ki ja shi da duk ƙarfinki ba zai yage ba, amma ki ɗan datse bakinsa da almakashi ki ja, sai ya tafi har ƙarshe. Abin da zarton mai famfo zai yi ke nan.

Batun gam kuwa, Yaya, kin ci min fuska da takalminki. Wannan ba gam ɗin mai gyaran takalmi ba ne. Sai an busar da falankan, an goge, an shafa, sannan a matse su a inji har su zama jiki ɗaya. Aikina kullum shi ne in ɗauki ɗaya daga kowane jeri in sa a injin gwaji, in yi ta danna shi har ya karye. Ina tsaye nake jin ƙarar. Icen ne ke fara tsagewa, gam ɗin yana nan riƙe. Gungume guda ma ba ki san abin da ke cikinsa ba, wannan kuwa kowane falanki sai da ido ya gan shi ciki da baya. Da ina da shakka ko ƙanƙanuwa ba zan aiko shi ɗakin Inna ba.

Amma duk wannan in ba a taɓa shi ba ne. Ki rubuto min ta hannun Dogo a wannan zuwan, ko layi biyu ne, in san halin da ake ciki. Kafin nan kada a hau da komai sama.

Ƙaninki

*

Sarkin Gam,

Gaisuwa a gurguje, Dogo na waje yana min hon. Muna lafiya, Inna na ɗan tari amma da sauƙi.

Na karanta takardarka a tsaye, tun daga lokacin gabana bai daina faɗuwa ba. Batun katakon da bututu, kafin takardarka ta iso ma an riga an fasa. Ranar ina tsohon shago, da na dawo kafinta ya faɗa min.

To yanzu me ka gani? Mai tsohon shagon ya ba ni wa'adi, ƙarshen wata zai karɓi makullinsa. A hau da kekunan ɗinki sama ko a dakata? Akwai babban injin aikin wuya, kai ka san nauyinsa, ga dilolin yadi, ga tankin ruwa da za a ɗora. Ba zan motsa ko allura ba sai na ji daga bakinka. Abin da ka ce shi za a yi.

Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Ina fatan tarin Inna ya lafa. A rage mata fanka, a riƙa ba ta ruwan ɗumi. Ni ma zazzaɓi ya ɗan taɓa ni, sauron nan ba ya raga wa baƙo, amma ina fita aiki.

Wallahi kwanakin nan ko abinci ba ya min daɗi, sai da takardarki ta zo. Tunda kin ce an riga an fasa, to magana ta ƙare. Ki kwantar da hankalinki, ki daina wannan faɗuwar gaban, babu abin tsoro kuma. Ki gaishe min da mai famfo, ki ce na ce ya kyauta.

Ku hau da komai. Injin aikin wuya, kekuna, yadi, tanki, duk na sa su a lissafi tun kafin in zaɓi kaurin bim ɗin, na kuma bar rara mai yawa. Ko rawa matanki za su taka a sama ba abin da zai ji. Ki miƙa wa mai shago makullinsa kina murmushi.

In ruwa ya janye zan ɗauki hutu in zo. Ina so in kwanta a tabarma gefen gadon Inna in kalli aikin hannuna daga ƙasa. Ki tanadar min riga, amma ba irin ta bara ba da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ƙaninki

*

Zuwa ga ƙanina,

Bayan gaisuwa, ya jikin naka? Ka sha magani, kada ka yi taurin kan nan naka. Tarin Inna ya tafi, Alhamdulillahi.

Mun tare a sama. Na yi mamakin amsarka, ba zan ɓoye maka ba, don takardarka ta farko ta tsorata ni, ta biyu kuma har da gaida mai famfo. Amma na ce kai ne masani. Na isar masa da gaisuwar, ya yi ta washe baki, ya ce ai ya gaya min mutanen takarda tsoro ne da su.

Sai dai ni hankalina ya ƙi kwanciya, kuma ban san ko ni ce da tsoro ba. Bari in faɗa maka abin da nake gani, ka yi min dariya in ka ga dama.

Ƙofar ɗakin Inna, wadda ke ƙarƙashin bim ɗin ta jikin bangon katakon da aka raba ɗakin da shi, ta fara gogar sama. Kafinta ya ce damina ce, ya fere ta. Ba a jima ba ta sake kamawa, ya sake ferewa. Yanzu sai na sa kafaɗa take buɗewa.

Inna kuma ta ce katakon yana magana. Da rana in mata sun tsaya cin abinci, kekuna sun yi shiru, sai ta ce, "Saurara." Na zauna na saurara. Ƙas. Sai shiru. Can kuma, ƙas. Kamar mutum na karya tsinken tsintsiya ɗaya-ɗaya a wani ɗaki.

Ba a buga silin ba tukuna, don haka komai a fili yake. Jiya ina gyara mata shimfiɗa na ga ɗan garin katako a kan bargonta. Na hau kujera na duba. Daidai inda bututun ya ratsa, a kusurwar wurin da aka yanke, wani siririn layi ya fito yana bin tsawon katakon. Gashi ma ya fi shi kauri. Na sa allin tela na yi alama a inda ya tsaya. Yau da safe na sake hawa, ya wuce alamar da kamar faɗin yatsu uku. Na sake yin wata. Ina rubutun nan ina jin tsoron in je in duba.

Na ce wa Inna bari in mayar da ita ɗan ɗakin baya. Ka san shi, yana yoyo, ga dakali, kekenta ba ya shiga. Ta ƙi. Ta ce, "Yaron nan a hannuna ya girma. Ba zai kwantar da ni ƙarƙashin abin da zai kashe ni ba." Sai na ɗauko takardarka na sake karanta mata inda ka ce babu abin tsoro, muka yi dariyar rigar. Duk sanda ƙirjina ya ɗau bugawa ita nake ɗaukowa.

Tankin har yanzu babu komai a ciki, an ɗauke ruwa a unguwa. Sun ce gobe ko jibi za a kawo, mai famfo zai zo ya cika ya gwada banɗakin.

Ka ce min ba komai ba ne. In ka faɗa zan yarda.

Yaya

*

Yaya,

Ki bar karatun nan ki fitar da Inna daga ɗakin yanzu. Ki sauko da kowa daga sama. Kada wanda ya koma ɗaukar ko almakashi. In kun fita sai ki ƙarasa.

Bututun ya ratsa? An yanke? Yaya, kin rubuta min an riga an fasa. Ni fasawar janye niyya na karanta, irin ta an fasa tafiya, an fasa zuwa. Na ɗauka mai famfo ya haƙura ya bi wata hanya. Ashe ke fasawar guduma da zarto kike nufi. Na ɗauko takardunki na jera a kan gado. Ga shi tun a ta farko kin rubuta zai fasa katakon. Yana gabana ƙuru-ƙuru. Abin da zuciyata ke so shi idona ya karanta, har na aika wa mutumin gaisuwa.

Layin da kika gani shi ne yagewar yadin da na faɗa miki. Ƙarar da Inna ke ji na san ta, kullum ina jin ta a injin gwaji, kuma na san abin da ke biyo bayanta. Ba ya ba da sanarwa. Ƙofar ma ba damina ba ce, bim ɗin ne ke saukowa a kanta.

Kada a cika tankin. In an cika, a buɗe famfon waje ya tsiyaye, kada kowa ya hau. Kafinta ya samo ƙarafan tokara ko manyan itatuwa, ya tokare bim ɗin hagu da dama da wurin yankan, ya faro daga bakin ƙofa yana matsawa ciki, kada ya tsaya ƙarƙashin tsakiya. Sai an tokare za a fara sauke kaya, injin aikin wuya a farko.

Takardarki ta yi kwana da kwanaki a hanya. Ruwa ya cinye gadar, sai da Dogo ya bar motar ya shigo a kwalekwale. Ni kuma a ɗakin shan magani na masana'anta ya same ni, an sa min ƙarin ruwa. Na cire allurar na miƙe zan biyo shi, ban kai ƙofa ba na faɗi. Zai juya yanzu ta doguwar hanya a kan babur. Na roƙe shi duk inda waya ta fara kamawa ya tsaya ya kira ki.

Kin rubuta gobe ko jibi za a kawo ruwa. Na ƙirga, goben da jibin duk sun wuce tun kafin takardar ta shigo hannuna. Ina rubuta miki ki gudu, kuma ban sani ba ko akwai mai karantawa.

Ya Allah, Yaya. Ni na ce ku hau da komai.

Ƙaninki

*

Yaya,

Dogo bai dawo ba, babu wanda ya shigo daga ƙetare. Wani mai kamun kifi ya ce zai gwada hayewa, shi zan ba wannan.

Zazzaɓin ya sauka, na koma aiki, amma na kasa. Jiya na sa bim a injin gwaji, da ya yi ƙas na farko sai na kashe injin na fita waje na yi amai. Shugabanmu ya ce in je in kwanta. In na kwanta kuma rufin ɗakin nake kallo.

Ko me ya faru ki faɗa min. Ko zagi ne ki aiko. Shirun nan ya fi ƙarfina.

Ƙaninki

*

Zuwa ga ƙanina,

Ina gaishe ka, ina fatan jiki ya yi ƙwari. Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Dogo ne ke rubutawa, ni ina faɗa, muna asibiti. Kada ka tsallake layi, zan faɗa maka a jere.

Inna tana da rai. Na sa wannan a farko don ka iya karanta sauran.

An kawo ruwa washegarin da na rubuto maka, aka cika tankin. Da hantsi ina ɗakin ina goge mata jiki, kekuna na gudu a sama. Sai Inna ta riƙe min hannu ta ce, "Ya canza murya." Na ɗaga kai. Layin ya wuce alamomina duka, ya buɗe har ina hango farin icen ciki. Ban tsaya neman takardarka ba wannan karon. Na leƙa taga na ƙwalla wa mata kira su sauka, suka bi matakalar waje a guje, ba wadda ta ji ciwo.

Na juyo ƙofa, ƙofa ta ƙi. Na sa kafaɗa, na sa ƙafa, ko motsi. Taga kuma ka san da ƙarfe. Ni da Inna a ciki, abin nan yana ƙas ƙas ƙas a kanmu babu tsayawa, gari na zubo mana a ka. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Inna ta ce in matsa jikin bango in bar ta. Na ce ta yi min shiru, karo na farko a rayuwata.

Kafinta yana maƙwabta yana aiki, shi ya zo da guduma ya fasa ƙofar. Ta guduma nake nufi. Na naɗe Inna a bargo na jawo ta ƙasa, shi ya kama ƙafafu ya ja ta waje. Ina dafe da ƙarfen gadon zan miƙe, sai na ji ƙarar da na fi sani a duniya, ƙarar yadi in an yaga shi, amma mai cika kunne. Injin aikin wuya ya biyo daɓen ya sauko kan gadon, daidai inda kanta yake kwanciya. Hannuna na dama yana wurin.

Likita ya ce hannun zai zauna. Babban yatsa da manuni ne ba su zauna ba. Dogo ya tsaya da rubutu a nan, na ce ya ci gaba. Wayata tana can ƙarƙashin tarkacen, shi ya sa Dogo ya yi ta kira shiru.

Kwanakin farko na tsine wa gam ɗinka, ba zan yi maka ƙarya ba. Sai kafinta ya yanko guntun bim ɗin ya kawo min har gado. Ya ce in duba. Ko wuri ɗaya gam bai saki ba. Daga kusurwar zarton tsagar ta tashi, ta bi cikin icen ta tafi. Abin da na ji tsoronsa tun farko shi ne ya riƙe har ƙarshe. Mai famfo ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa bai iya shigowa ba, ni ma ban ce ya shigo ba.

Da Dogo ya iso ya karanta min takardarka da baki. Da ya zo kan kalmar fasa, ya faɗe ta yadda ka ji ta, ya ja ta, sannan ya faɗe ta yadda na nufa. Ko yaron goye ba zai haɗa su ba in da baki ne. Na yi kuka sosai. Kai ka karanta abin da kake so, ni ma na ga gaisuwar mai famfo na san akwai abin da bai daidaita ba, na haɗiye don ina son makullin mutane ya fita hannuna. Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, ba za ka iya ba.

Inna tana gidan maƙwabta. Ba ta yarda a shigar da ita ɗaki sai ruwa ya sauko, a tsakar gida take wuni tana kallon sama. A kanka kuwa tambaya ɗaya take yi kullum: yaron nan ya ji sauƙi? Na san ka. Na san yanzu kana can kana shirya yadda ba za ka iya haɗa ido da ita ba. Kada ka ƙara rubuto mana komai, na gaji da takarda. Rigar ba zan iya ɗinka maka ba, ka zo da taka.

Ka ce in ruwa ya janye za ka zo. Ya janye. Kada ka fasa.

Dogo ya ɗaga biro yana tambayata wacce zai rubuta. Na ce ya rubuta kawai, duk ɗaya suke a takarda, kai ka san wacce.

Taka,
Yaya